Abin da ke bambanta blak metal na Bergen da na Atina

Masu sauraron blak metal, wani salon kiɗan jita mai tsanani, suna da wata magana da suka daɗe suna nanatawa: wai sanyin da ake ji a kiɗan Norwe daga dusar ƙanƙara ya fito, ɗumin na Girka kuma daga ranar Bahar Rum. Maganar tana da daɗi a baki, amma da ka ɗora ta a kan faya-fayan sai ta rushe. Ƙungiyar Beherit 'yan Rovaniemi ne, can arewacin Finlan inda hasken rana a ƙarshen Disamba bai kai awa uku ba, amma kiɗan da suka yi a farkon shekarun 1990 mai kauri ne, mai turnuƙu kamar hayaƙin taya, ya fi kama da na Sarcófago na Belo Horizonte a Burazil fiye da na maƙwabtansu na Oslo. Immortal kuma 'yan Bergen ta Norwe ne gaba da baya, amma kundinsu na 1999 ya yi jiki ya yi sheƙi, ya tashi daga sautin da aka san su da shi. Duwatsun Bergen suna nan inda suke. Abin da ya canja shi ne sun tsallaka Suwidin sun yi ɗaukar a situdiyon Abyss, sannan mawaƙinsu Abbath ya karɓi jita daga hannun abokinsa Demonaz wanda ciwon jijiyar hannu ya hana kaɗawa. Ɗaki ya canja, mai zama gaban na'ura ya canja, hannun dama ya canja. A irin waɗannan wurare ake samun salon ƙasa, kuma duk abubuwa ne da kunne zai iya tsincewa.

Ga wanda bai san salon ba, sunansa ya fito ne daga kundin da Venom 'yan Newcastle a Ingila suka fitar a 1982, Bathory na Suwidin da Hellhammer na Suwizalan suka ɗora a kai. Jita ce mai ƙaraji, luguden ganga mai sauri, da murya mai ƙara daga maƙogwaro. Gara kuma a faɗa tun da wuri: baitocin yawancin ƙungiyoyin farko adawa ce da addinin Kirista da ambaton Shaiɗan, kuma a Norwe abin bai tsaya a baki ba. An ƙona tsohuwar majami'ar katako ta Fantoft a Yunin 1992, wasu suka biyo baya, a Agustan 1993 Varg Vikernes na Burzum ya kashe Euronymous mai jitar ƙungiyar Mayhem, kotu ta yanke masa shekara 21. Akwai kuma wani ɓangare, a Folan da Yukren da Faransa da wasu wurare, da ya rungumi aƙidar wariyar launin fata. Wannan ƙazanta ce, kuma duk mai sayen faifai ya kamata ya binciki aljihun da kuɗinsa zai faɗa.

Kafin intanet, gidan waya ne jijiyar harkar. Ƙungiya ta ɗauki demo, wato ɗaukar gwaji, ta kwafe shi a kaset hamsin ko ɗari, ta buga bangonsa da injin fotokwafi, ta cusa ƙananan takardun tallar wasu ƙungiyoyi a ambulan. Mai so ya aiko da 'yan daloli a naɗe cikin wasiƙa, ko ya aiko da nasa kaset ɗin a yi musaya. Wasu har gam suke shafa wa kan sarki, don wanda ya karɓa ya wanke hatimin ya maido musu a sake liƙawa. Ta wannan hanya Euronymous ya san Tormentor na Hangare har mawaƙinsu Attila Csihar ya zo ya rera kundin Mayhem na 1994, ta nan kundin farko na Sigh 'yan Japan ya fito a Deathlike Silence, kamfanin Euronymous da ke Oslo, a 1993, ta nan kuma wasiƙu suka riƙa kai-komo tsakanin Oslo da Medellín a Kolambiya. Akwai abin lura a nan: duk kwafin da aka yi daga kwafi yana zubar da sautin sama, yana ƙara shuu, saurinsa kuma yana ɗan karkacewa. Yaron da ke Finlan kwafi na huɗu ko na biyar yake ji, ba asalin ɗaukar Burazil ba, kuma wannan dusasshen sautin ya ɗauka a matsayin yadda kiɗan ya kamata ya kasance.

A Norwe, komai daga hannun dama ya fara. Ana kaɗa tsirkiya ƙasa da sama ba tsayawa, abin da makaɗa ke kira tiremolo. Idan kiɗan yana tafiya a bugu 180 a minti, kowane bugu kuma an raba shi huɗu, to hannu yana taɓa tsirkiya sau 12 a daƙiƙa guda, kuma zai yi haka minti shida ko bakwai. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa. Mai koyo yakan ƙanƙame damtse ya tura da gwiwar hannu, ya samu saurin na minti ɗaya, daga nan ya fara ja da baya yana barin mai ganga a gaba, in ya nace a haka kuma jijiya ta kumbura. Maganin shi ne a fara a bugu 100 ko 110, kada a ƙara biyar sai an iya riƙe minti uku ba tare da kafaɗa ta ɗaga ba. Ɗan filastik ɗin kaɗawa ma yana da nasa: mai kaurin milimita 0.73 zuwa 1 ya fi sulɓi a kan tsirkiya huɗu ko biyar, wanda ya fi haka kauri yana sarƙewa.

Hannun hagu shi ne inda Euronymous da Snorre Ruch na Thorns suka kawo sabon abu. Metal na da yana damƙar tsirkiya biyu ne, uwar sauti da ta biyar ɗinta. Su kuwa sai suka riƙa damƙe cikakken kod, wato sautuka da yawa a haɗe, na maino mai amon baƙin ciki, a kan tsirkiya huɗu zuwa shida, su bar su duka suna amsawa, sannan su zame da wannan damƙar gaɓa ɗaya ko uku ko huɗu a wuyan jita. Daga E maino ka faɗa C maino, kunne yana jiran haske sai ya sake cin karo da duhu. Wannan shi ne sanyin da ake magana. Ba sa sassauta tsirkiya, a ɗaurin E na yau da kullum suke barinta, bes kuma, jitar nan mai kaurin murya, a can ƙasa ake binne shi.

Kuskuren da ya fi yawa wajen masu son wannan sauti shi ne murɗe gen na amfilifaya, maɓallin da ke ƙara wa jita ƙaraji, har ƙarshe. Kod mai ƙwayar sauti uku ko huɗu ba ya jure haka: na tsakiya su ne ke fara ɓacewa, a bar ka da zuu irin na ƙudan zuma, ba a gane maino daga mejo mai amon haske. Gen ya tsaya wajen biyar ko shida cikin goma. A ikwalaiza, a yanke abin da ke ƙasa da 100 Hz, wato sautin can ƙasa mai kauri, daga jita, a bar wa bes da gangar ƙafa wurin. Tsakanin 3 da 4 kHz akwai tsinin da ke huda kunne bayan minti goma, a nemo shi a rage masa desibel biyu ko uku a siririn wuri, kada a ɗebe yankin gaba ɗaya don a nan kaifin yake. Sannan a kaɗa jitar sau biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Wanda ya kwafi ɗauka ɗaya ya raba ta biyu bai samu faɗi ba, in kuma ya ɗan jinkirta ɗayar, za ta riƙa cinye 'yar'uwarta duk lokacin da aka saurara a lasifika guda, kamar ta waya.

Sai ɗakin. Grieghallen zauren kaɗe-kaɗe ne a Bergen, a cikinsa Eirik Hundvin, wanda aka fi sani da Pytten, ya kasance yana da situdiyo. Mayhem, Emperor, Immortal, Enslaved, Gorgoroth da Burzum duk sun bi ta hannunsa a farkon shekarun 1990. Gangunan kundin Mayhem na 1994 a babban zauren aka ɗauke su, shi ya sa kowane bugu yake da doguwar jela, kamar ana kiɗan a gindin dutse. Rabin abin da duniya ke kira sautin Norwe kunnen mutum ɗaya ne da amsa-kuwwar gini ɗaya.

Ɗaya rabin kuma daga ɗakin kwana ya fito. Kundin Darkthrone na 1994, mai gangarsu Fenriz ne ya kaɗa dukan kayan shi kaɗai a ƙarshen 1993 a kan na'urar kaset mai layi huɗu, aka ɗora murya daga baya. Irin waɗannan na'urori suna da dokokinsu. Tascam 424, misali, tana iya jan kaset a santimita 9.5 a daƙiƙa, ninkin saurin rediyon gida, kuma layukan huɗu duk gefe ɗaya suke tafiya, don haka kaset ɗin C-60 minti 15 kawai zai ba ka. Nau'i na biyu ake sa mata, mai kurom. Da yake layi huɗu ba ya isa, ana ɗaukar ganguna a layi uku, a juye su cikin na huɗu, a goge ukun a ɗora jita da bes da murya. Juyen nan ba ya komawa baya. In faifan tagullar da mai ganga ke bugawa ya yi ƙara fiye da kima a lokacin, haka zai zauna har abada yana rufe jita, kuma wannan ne ciwon demo da yawa. A sauke makirufon sama ya fuskanci gangar tsakiya, mai ganga ya sassauta hannu a kan tagulla, a kuma ɗan ƙara sautin sama kafin juye saboda kaset zai ci wani abu daga ciki. Masu ɗauka tsaf a kwamfuta sannan su barbaɗa shuu na roba a sama ba sa samun abin. Kaset yana danne kan kowane bugu ne tun lokacin shigarsa, yana haɗe kayan wuri ɗaya, kuma wanda ya san layinsa huɗu ne kacal daban yake kaɗawa.

Suwidin ta bi tsabta. Dissection sun ɗauki kundinsu na 1995 wajen Dan Swanö a Unisound, da jita biyu masu tafiya tare a tazarar ta uku, gadon hebi metal na Ingila. Abyss na Peter Tägtgren a ƙauyen Pärlby shi ya ba Marduk da Dark Funeral wancan bango na sauti, inda kowane bugun ganga yake fita daidai da ɗan'uwansa. Kundin Marduk na 1999 kusan rabin awa ne na lugude ba numfashi. Wani ruɗani da ya kamata a kawar: fedar Boss HM-2, 'yar na'urar sauya sautin jita, da aka murɗe maɓallanta huɗu har ƙarshe sautin wani salon ce, det metal na Stockholm, na situdiyon Sunlight. Ka sa ta a cikakken kod na maino, ba abin da zai fito sai laka.

Girka ce, a ganina, aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane suna cewa ɗumi su wuce, alhali ana iya nuna inda ɗumin yake da yatsa. Na farko, hannun dama: maimakon a bar tsirkiya a sake, Rotting Christ da Varathron suna danne ta da gefen tafi kusa da gadar jita, su yi tiremolo ɗin a danne, sai ya fito gajere mai kauri, kamar sukuwar doki a ƙasa mai taushi. Na biyu, sauri: yawanci a tsaka-tsaki suke tafiya, luguden yakan zo ne ya wuce. Na uku, waƙar jitar a tsirkiya ɗaya take tafiya, ana iya bin ta da baki, kuma daga hebi metal na shekarun 1980 aka gado ta. Na huɗu, fiyanon lantarki yana shimfiɗe a baya da sautin mawaƙan coci ko na sarewa, ba ya neman gaba. Sannan kusan dukansu ɗaki ɗaya suka shiga a Atina, situdiyon Molon Lave wanda daga baya ya koma Storm, inda ganguna na lantarki suka ba faya-fayan 1993 wancan busasshen bugu mai kama da na inji. Necromantia ma cire jitar rakiya suka yi ɗungurungum, suka sa bes biyu, ɗaya mai tsirkiya takwas. Wanda ke son wannan salo ya bar wa jita yankin 200 zuwa 400 Hz da ɗan Norwe zai rage, ya ɗaga bes har a ji shi, ya rage amsa-kuwwa. Inda ake faɗuwa shi ne dannen tafin: in hannu ya matsa gaba da gada da ko faɗin yatsa ɗaya, sautin ya mutu ya zama ƙwas-ƙwas, in ya koma baya da yawa kuma dannen ya tashi a banza.

Layin Burazil da Kanada da Finlan na farko daban yake, kuma bai damu da a ji kowace ƙwayar sauti ba. Sarcófago a 1987 ƙarƙashin kamfanin Cogumelo, Blasphemy na yankin Vancouver a 1990, sai Beherit da Archgoat: tsirkiya a sassauce, murya daga ciki, waƙa gajera, ganga tana neman tsere wa jita. Daga baya ne Finlan ta samu fuska ta biyu a hannun Horna da Sargeist, inda ake kaɗa tsirkiya biyu a tazarar ta uku ko ta shida, waƙar ta fito da zaƙi a cikin ƙazamin ɗauka.

Faransa ta ba da abu biyu da ba su kama da juna ba. A farkon shekarun 1990 akwai gungun Les Légions Noires, su Vlad Tepes da Mütiilation da Belkètre, masu ɗauka a gida suna raba kaset kaɗan ga wanda suka yarda da shi. Daga 2004 kuma Deathspell Omega suka buɗe wata ƙofa: ƙwayoyin sauti masu gaɓa ɗaya tsakani ana barinsu suna gogar juna, tsirkiya a sake tana amsawa a ƙarƙashi, ana tsinkar kod ɗaya-ɗaya maimakon a share shi. Wannan salon ya fi kowanne buƙatar ƙarancin gen da ɗaurin tsirkiya na ƙwarai, domin in jitar ta ɗan sauka, ba mai bambance karon da aka nufa da wanda kuskure ya kawo. Aislan ce ta ɗauki wannan ta ƙara masa faɗi. Mutanen ƙasar ba su kai dubu 400 ba, makaɗa ɗaya yakan kasance a ƙungiya uku, kuma Stephen Lockhart, ɗan Ailan da ya koma can, shi ya ɗauki kundin Svartidauði na 2012 da na Sinmara a situdiyonsa na Emissary. Labarin Pytten ne ya sake dawowa bayan shekara ashirin.

Amurka faɗinta ya hana ta sauti ɗaya. A arewa maso yamma, Wolves in the Throne Room na Olympia suna miƙa waƙa ta wuce minti goma, kod ɗaya ya daɗe yana juyawa kafin ya sauya. Austin Lunn na Panopticon ya saka banjo da waƙoƙin masu haƙar kwal na Kentucky a kundinsa na 2012. A Kebek ta Kanada kuma Forteresse da 'yan'uwansu da Faransanci suke rerawa, a kan tarihin yankinsu.

Inda aiki ya fi wuya shi ne shigo da kayan kiɗan gargajiya, kuma a nan ake gane wanda ya san abin da yake yi. Negură Bunget na Timișoara a Romaniya sun yi amfani da tulnic, dogon ƙaho na itace mai kama da kakaki, da toacă, allon katako da ake bugawa a gidajen ibadar Otodoks. Chthonic na Taiwan suna da erhu, ɗan'uwan goge ne mai tsirkiya biyu. Melechesh da aka kafa a Birnin Ƙudus a 1993 sun gina kiɗansu a kan bugun gangar Gabas ta Tsakiya, Al-Namrood na Saudiyya kuma, waɗanda ke ɓoye sunayensu, suna sa ud da kanun, kayan kiɗan Larabawa masu tsirkiya. Matsalar farko ta wuri ce: erhu da sarewa suna zaune ne daidai inda jita mai ƙaraji ta fi cika, wajen 1 zuwa 3 kHz. Ƙara musu ƙarfi ba ya magani, sai dai jita ta matsa, ko a rage mata wannan yankin lokacin da suka shigo, ko ta koma tsirkiyoyin ƙasa ta bar musu sama.

Matsala ta biyu ta fi zurfi. Wuyan jita an raba shi gaɓa 12 daidai wa daida kafin sauti ya maimaita kansa. Maƙaman kiɗan Larabawa, wato tsarukan jera sauti, irin su Rast da Bayati, waɗanda ake ji a waƙoƙin Masar da Labanan, suna da ƙwayoyin sauti da ke faɗawa tsakanin gaɓa biyu, inda jita ba ta da wurin sa yatsa. In ud ya kaɗa wannan rabin gaɓar, jita kuma tana riƙe da cikakken kod, sai sautukan biyu su yi ta karo, a ji wani rawar sauti kamar an ɗaura tsirkiya ba daidai ba. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke maƙale wa maƙamin Hijaz, wanda ake iya kwatanta shi a gaɓoɓin jita, har ya zama duk wanda ke son a ce kiɗansa na gabas ne shi yake kaɗawa, kunne ya gaji. Mafita uku ce. Jita ta riƙe uwar sauti da ta biyar kawai ta bar ta uku, ud ya yi yawonsa a sama ba mai tare shi. Ko a samu jita marar gaɓa. Ko a kai wa mai gyara ya dasa ƙarin gaɓoɓi a wuraren da maƙamin ke bukata. Ta farkon ta fi sauƙi, kuma ta dace da blak metal tun asali, tunda salon ya saba da sauti ɗaya da ke kwance a ƙasa na tsawon lokaci.

Folan tana da misalai biyu da suka tsaya mini a rai. Mgła na Kraków jitarsu ba ta da wani ado, kod kaɗan ne ake maimaitawa, duk motsin yana hannun mai ganga a kan faifan tagulla, yana canja zane yayin da ƙafafunsa ke tafiya a layi ɗaya. In ka kwaikwayi jitar ka bar tagullar, ka ɗauki kwanon ka bar tuwon. Furia kuwa 'yan Katowice ne, tsakiyar Silesiya ƙasar kwal, da yarensu suke rerawa, kiɗan nasu yana jan ƙafa yana numfashi yadda na Oslo bai taɓa yi ba. Ɗaya daga cikin faya-fayan da suka fitar a 2016 ba a situdiyo suka ɗauke shi ba. Kayan kiɗansu suka loda a lif ɗin tsohuwar mahaƙar kwal ta Guido da ke Zabrze, suka sauka mita 320 a ƙarƙashin ƙasa, suka kafa makirufo a can.